Karaya ba ta warkewa a awa 24

Jawabin wani ɗan kasuwar dabbobi daga ƙauyukan Hausawa na kudu da Madani, a shirinmu na lafiyar makiyaya da fatake. Mun buga shi yadda ya faɗa, sai ɗan gyara.

Ina gaida jama'ar da ke sauraro, na ruga da na kasuwa, na Jazira da na Sinnar, na Mai Wurno da Singa da Damazin da Rusairis, da masu jiran a buɗe musu hanya a Gallabat da Kurmuk, har 'yan'uwanmu na Yamma, Chadi da Nijar da Najeriya, in muryar nan tana kaiwa can. Sannunku da aiki, sannunku da hanya. Waɗanda ke kwance kuwa, Allah ya ba ku lafiya, yau maganar taku ce.

Zancen karaya zan yi. Ranar da abin ya faru kowa ya san yadda take: ihu, taro, a nemo amalanke ko raksha, a ruga da mutum. Wannan rana ba ta rasa jama'a. Ni kwana na goma nake so mu duba, da na arba'in, da wata na uku, lokacin da 'yan dubiya sun ɗauke ƙafa, ƙashi bai kama ba, zogi bai sake ka ba, kuma duk inda ka kai kuka amsar ɗaya ce: ma'alesh, yi haƙuri.

Mu mutane ne da ƙafa ce jarinmu. Kakanninmu da ita suka zo ƙasar nan, wasu a kan hanyar hajji, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903, suka bi Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru har bakin kogin nan. Har yau makiyayi da ƙafa yake bin saniya, bafatake da ita yake hawa mota ya sauka, ɗan kambo da ita yake tsayawa cikin laka yana juya ruwa a hawasha. Ma'aikacin ofis in ya karye albashinsa na zuwa. Mu in mun karye, garke ne yake raguwa.

To bari mu fara da yadda aka tsara abin. A farkon shekarun 1990 aka janye magani kyauta a asibitocin gwamnati a Sudan, aka ce kowa ya biya. Da kuka ya yi yawa, a tsakiyar shekarun sai aka ce wanda aka kawo cikin gaggawa a duba shi kyauta na awa 24 na farko. Wannan tsari ya ceci rayuka, ban musa ba. Amma ku lissafa tare da ni. Wuyan hannun babban mutum in ya karye yana son kamar mako 6. Ƙwauri, wata 3 zuwa 4, wani lokaci fiye. Cinya tana iya kai mutum wata 6 kafin ya taka da ƙarfinsa. Yaro ne kawai ƙashinsa ke kamawa da wuri. To awa 24 cikin wata 4, me ke nan? Kamar a ba ka ruwan yini ɗaya ne a ce ka ƙetare Butana da shanu.

Akwai inshorar lafiya, ta'amin, wadda ma a nan kusa, a jihar Sinnar, aka fara ta a 1995. Sai dai katin ya fi bin mai albashi da wanda ke zaune wuri ɗaya. Makiyayin da damina ke samunsa a Butana, rani ya same shi kudu da Damazin, a wane ofis zai sabunta kati? Ɗan kambon da har yau sai an yi masa tambaya a kan kakansa kafin a ba shi lambar ƙasa fa?

Duk da haka, a da in abu ya gagara, akwai Madani. Madani garin likitoci ne. Jami'ar Jazira tana nan tun 1975, tana yaye su. Ga Asibitin Koyarwa, ga na ƙoda, ga cibiyar ciwon daji, ga na yara. Daga Gadarif ake zuwa, daga Sinnar, daga Nil Azraƙ. Lokacin rikicin Nil Azraƙ na Yuli da Oktoban 2022, da aka kashe ɗaruruwan mutane aka kori dubbai daga gidajensu, da yawansu Hausawa, asibitocin can sun cika sun batse da masu sara da harbi, kuma wanda ya samu hali arewa ya nufo. Da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023, likitocin babban birni da marasa lafiyarsu duk Madani suka kwararo. Sai ga dakarun RSF, waɗanda a nan muke kira Da'ama, sun ƙetare gadar Hantub sun shiga garin a Disambar 2023. Ma'aikata suka watse, aka wawashe kaya. A Mayun 2024 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta sanar ta dakatar da aikinta a Asibitin Koyarwa na Madani saboda tsangwama da sace-sace da hana ta shigo da ma'aikata da kaya, alhali shi ne asibitin da jama'ar garin suka rage suna dogara da shi. Bayan nan Singa ta faɗi, hanyar kudu ta toshe. Soja sun dawo Madani ranar 11 ga Janairun 2025, amma injin da aka cire aka tafi da shi ba ya dawowa da ƙafarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha faɗa cewa a yankunan da yaƙin ya taɓa, kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na wuraren jinya sun daina aiki.

Na kawo wannan duka ne don kada wani ya ce ban san halin da likitoci ke ciki ba. Na sani. Na ga wanda ya yi watanni ba albashi, gidansa an kwashe har ƙofa, yana duba mutane da fitilar waya. Allah ya saka masa. Amma ina da magana, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Bayan an buɗe hanyoyi, wajen lodin shanu, wani bijimi ya matse ni da ƙarfen mota, ƙwaurina na dama ya karye. Ba zan ambaci asibitin da aka kai ni ba, don abin da na gani can, duk wanda ya kwanta a wani wuri zai ba ku irinsa. Da zuwa aka miƙa wa ɗana takarda: bandeji, auduga, safar hannu, sirinji, ruwan ƙari, da jibis, wato farin garin nan da ake jiƙawa a naɗe ƙafa ya daskare. Yaro ya yi ta zagaya saidaliyya, kemis ke nan a bakin mutanen Najeriya, wannan tana da auduga ba ta da bandeji, waccan ta ce sai ta Bankak, ga waya ba layi. Hoton ƙashi sai da aka jira aka tada janareto. Wannan duka na ɗauka, don na ga dalilinsa da idona.

Dare ne ban ɗauka ba. Wanda bai taɓa karyewa ba bai san zogin daren farko ba. Kamar ana buga maka turmi ne a cikin ɓargo. Na kira nas, ita kaɗai ce a ɗaki cike da mutane, ta ce, "Ma'alesh ya haj, da safe likita zai zo." Da safe ya zo, ya ɗaga hoton ya duba ta taga, ya yi magana da na bayansa da Turanci, ya wuce gado na gaba. Ni mai ƙafar ba a ce mini komai ba. Na koma sau uku bayan an sallame ni, likitoci uku daban na tarar. Na farko ya ce fara takawa kaɗan-kaɗan. Na biyu ya ce wa ya ce ka taka? Na uku ya ƙwanƙwasa jibis ɗin ya ce wa ya sa maka wannan? Kowace tafiya kuɗin mota ne, da na mai riƙe ni, da na sabon hoto, kusan rago guda. Kuma duk ranar da na dawo gida matata ta ce, "Malam, me suka ce?" ba ni da abin gaya mata.

Jama'a, ni in zan sayi saniya sai na zagaya ta, na buɗe bakinta, na tambayi mai ita abin da take ci da inda ta yi rani. Ƙafata ba ta samu ko wannan ba. Na yarda babu magani, na yarda babu wuta. Amma bayani ba ta Bur Sudan ake shigo da shi ba, ba ya son dala, ba a tare shi a shinge. Minti biyar ne. Ka ce wa mutum: ga inda ya karye, zai ɗauki wata kaza, zafin zai ragu bayan kwana kaza, in ka ga abu kaza ka dawo ko tsakar dare ne. Rashin minti biyar ɗin nan shi ke tura mutanenmu wurare biyu, wurin mai ƙwaya da wurin mai ɗori, su je ido rufe.

Mu ɗauki zafi tukuna. Ba mu kaɗai aka bari da shi ba. A 2017 wani kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa ya gano cewa rabin mutanen duniya, matalautan, ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na maganin zafi mai ƙarfi irin su mofin da ake rarrabawa a duniya. Mofin kuwa ba tsada gare shi ba. Tsoron a yi shaye-shaye da shi da wahalar takardu ne suka sa ba ya isowa gadon mai karaya. Abin haushin shi ne, abin da aka hana ta ƙofar asibiti ya shigo ta bayan kasuwa. Ku fatake kun fi ni sanin tiramadol, kun san katon ɗin da ke bi ta wasu motoci. Wanda likita ke rubutawa miligiram 50 ne ko 100. Na kasuwa 200, 225, har 250. Yana kama mutum, yana sa jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma ga mai karaya yana da wata illa ta dabam: ya ɗauke maka zafin da ke gaya maka kada ka taka, ka tashi ka bi shanu, ƙashi ya kama a karkace. Na san wanda ya warke daga karaya shekara biyu da suka wuce, har yau bai warke daga ƙwayar ba.

Abin da ke hannunmu kuma a san yadda ake amfani da shi. Farasitamol, babban mutum kada ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a yini da dare, a rarrabe, mai ciwon hanta kuwa ƙasa da haka. Dikilofenak da burufen suna sauƙaƙa zogi ƙwarai, amma suna cin ciki suna taɓa ƙoda, balle ga mutumin da ke kwance cikin zafin Jazira ba ya shan ruwa don gudun wahalar fita fitsari. Mai gyambon ciki da mai ciwon ƙoda su nisance su, kowa ma kada ya mayar da su abincin wata guda. Ba na yi wa kowa fatan layin wankin ƙoda. Sannan a kwanakin farko a ɗaga ƙafar a kan matashi ta fi ƙirji tudu. Kumburi in ya sauka, rabin zogin ya tafi. Wannan ba likita ne ya gaya mini ba, wani tsohon ma'aikacin jinya ne a ƙauyenmu da ya zo dubiya.

Sai mai ɗori, wanda a nan ake ce wa basir. Ba zan zage shi ba. A shekarar da aka rufe hanyar Madani, shi ne ya rage wa mutane. Kuma ya kamata likitoci su tambayi kansu me ya sa ko da asibiti a buɗe ake guduwa da mara lafiya cikin dare a kai masa. Yana zuwa har gida. Yana taɓa ƙafar da hannunsa. Ya san sunanka da na ubanka, yana magana da harshenka, ya gaya maka ranar da zai dawo, kuma kuɗinsa sai ka tashi, ko da ɗan akuya ne. Karaya mai sauƙi wadda fata ba ta fashe ba, ƙashi bai goce da yawa ba, gwani yana ɗora ta ta kama.

Amma hannu ba ya gani cikin nama. Ƙashin da ya ɓullo waje, raunin harsashi, karayar cinya ko ƙugu ko gadon baya, karayar da ta shiga cikin gaɓa, waɗannan ba na kara da tsumma ba ne. Wanda ƙashinsa ya huda fata yana bukatar a wanke raunin sosai a asibiti, a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta, a yi masa allurar tetanus, cutar nan mai sandarar da jiki ta ɗaure muƙamuƙi. In aka rufe datti a ciki, mugunya ta shiga ƙashi, shekaru ake yi ana fama. Sai kuma gwiwar hannun yaro. Iyaye mata, ku saurara nan. Yaro ya faɗo daga jaki ko daga bishiya, gwiwar hannu ta kumbura, jijiyar jini tana nan dab da ƙashin. A ɗaure tam, hannu ya ci gaba da kumbura a ciki, jini ya kasa wucewa. Cikin kamar awa 6 nama ya fara mutuwa. Hannayen yara da yawa da aka yanke, ɗauri ne ya kashe su, karayar da kanta da ta warke.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne. Zafi yana ƙaruwa maimakon ya ragu, magani ba ya taɓa shi. In ka miƙe masa yatsa ya ƙwala ihu. Yatsu sun kumbura, sun yi sanyi, ko sun canza launi, ko ya ce ba ya jin su. In kun ga haka a sassauta ɗaurin nan take, a nufi asibiti, kada a jira mai ɗori ya dawo jibi, kada kuma a ce wa yaro rakinsa ya yi yawa. Jibis ɗin asibiti ma yana yin haka, kuma shi ma tsaga shi ake yi. A nan haƙuri ba ibada ba ne.

Akwai wani mataki da ba wanda ke ba ka labarinsa. Ranar da aka cire mini jibis na ɗauka sallah ta zo. Sai na ga ƙafa ta zama kamar karan dawa, idon sawu ya ƙi lanƙwasa, gwiwa ta ƙage. Aka ce sai gashin ƙashi, ilaj tabi'i. Ina? Masu wannan aikin a manyan garuruwa suke, kuma zuwa ɗaya ba ya isa, sai an yi ta zuwa. Mutumin ƙauye sai ya koma angarib ɗinsa ya kwanta. Zaman tahiya ya gagara, sujada sai a kujera. Ban-ɗakinmu kuma na tsuguno ne, kuma wannan, ku yafe mini, ya fi komai karya zuciyar dattijo. Kafinta ne ya cece ni, ya huda tsohuwar kujera. Abin da na koya daga baya shi ne, gashin tun ƙafa tana cikin jibis ake fara shi: motsa yatsu kullum, ɗaure naman cinya ka saki, motsa duk gaɓar da ba a rufe ba. Abinci ma aiki yake yi. Kisra da shayi kaɗai ba sa gina ƙashi. A nemi madara, ƙwai, ful, kifi. Makiyayi, kada a kai nonon duka kasuwa alhali mai karaya na kwance a bukka. Taba da tumbak suna jinkirta kamawar ƙashi, ciwon sukari ma haka. In kuma mai kwanciya ya ga sha-raɓarsa ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya sarƙe masa farat ɗaya, wannan na iya zama gudan jini, na gaggawa ne.

To me za mu yi da fushin nan? Ni dai shawarata kada ka shiga wurin likita kai kaɗai, kuma kada ka fita sai ka samu amsa. Tafi da wanda ke jin Larabci sosai, wanda ba ya jin kunyar farar riga. Ka tambaya da ladabi: wane ƙashi ne, yaushe zan taka, da wane nauyi, me zan gani in dawo da gudu? In an ce sai an sa ƙarfe, tambayi abin da zai faru in ba a sa ba, don karayar cinya da ƙarfe kwanaki ne ka tashi zaune, ba ƙarfe kuwa makonni ne a gado an rataya maka nauyi. Ka san wannan kafin ka sayar da saniya ko ka ƙi sayarwa. Kuma ka ce a rubuta maka. Likita na biyu ba zai rushe maganar na farko da sauƙi ba in yana ganinta a takarda.

Ku masu ƙetare iyaka, wannan takarda ta fi muku amfani fiye da kowa. A sa ranar da aka karye, da ƙashin, da ko akwai ƙarfe a ciki, da magungunan da aka ba ka, kuma a rubuta sunayen da Turanci ma, don likitan Matama a Habasha ba lallai ya karanta Larabci ba. Ka ɗauki hoton hoton ƙashin da wayarka, ka tura wa wani ɗan'uwa ya ajiye, saboda waya tana ɓata a shinge.

Shugabannin kasuwa da ardo-ardo da sarakunanmu, ga naku. Kowane kan dabba da ya shiga kara akwai abin da ake karɓa. A ware wani abu kaɗan a sa kafinta ya yi sandunan dogarawa guda goma da kujeru biyu, a ajiye su wurin sarkin kasuwa, wanda ya warke ya maido. In hali ya yi, a haɗa kuɗin mota a ɗauko mai gashin ƙashi ranar kasuwa, ya duba mutum goma a wuri ɗaya maimakon mutum goma su je birni. A kuma kira masu ɗorin yanki su zauna da ma'aikacin jinya, a yi yarjejeniya kan irin karayar da za su tura gaba. Masu gyaran asibitocin Madani kuwa, in ana lissafin gadaje da injuna, a sa rana ɗaya a mako da mai karaya zai dawo ya tarar da likitan da ya san ƙafarsa.

Ga shi ana yi mini alama ta gilashi lokaci ya cika. Akwai wanda ya aiko tambaya daga wajen Dindir a kan ƙaya da ta soki ƙafa, wurin ya kumbura watanni yana fitar da ƙwayoyi baƙaƙe. Ɗan'uwa, wannan ya yi kama da nabit, ba na basir ba ne kuma ba na wuƙar gida ba. Ka nemi likita tun bai kai ƙashi ba. Sauran tambayoyin sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.